Yadda ake binciken takardun fili kafin a biya kuɗi

Na daɗe ina bin fayilolin filaye a Kano da Kaduna da Abuja, ina yi wa masu saye bincike kafin su saki kuɗinsu. Abin da ya fi ci mini rai a wannan aiki shi ne ganin mutumin da ya yi shekaru yana tari, dillali ya nuna masa fili da takarda mai hatimi, ya biya a ranar, sai ya zo haƙa harsashi wani ya ɓullo da tasa takardar. Binciken da zai hana faruwar haka 'yan kwanaki ne, iyaka 'yan makonni, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin filin.

Abu ɗaya na doka ya kamata ka riƙe. Tun daga 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da kake saye haƙƙin zama da amfani ne, wanda a filin gida yawanci shekara 99 ake rubutawa. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ke ba da shi, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Shi ya sa duk fili mai takardar gwamnati yake da fayil a ma'aikatar ƙasa, kuma abin da ke cikin wannan fayil ya fi abin da ke aljihun mai sayarwa ƙarfi. Aikinka shi ne ka tabbatar abu uku sun dace da juna: fayil ɗin da ke ofis, filin da ke ƙasa, da mutumin da zai karɓi kuɗinka.

Abubuwan da za ka tanada

Kwafin kowace takarda da mai sayarwa yake da ita, gaba da baya, har da taswirar awo da ke manne da satifiket.
Kwafin katin shaidar mai sayarwa, na ɗan ƙasa ko fasfo ko lasin tuƙi, da naka.
Takardar izini daga mai filin cewa ya yarda a binciki fayil ɗinsa. Wasu ofisoshin ba sa buɗe fayil sai da ita.
Safiyo mai rajista da SURCON, wato hukumar rajistar safiyoyi ta ƙasa.
Lauya wanda kai ka ɗauko, kai kake biya. Lauyan mai sayarwa ko na dillali ba naka ba ne, komai kirkinsa.
Waya mai taswira da kyamara, da littafin da za ka riƙa rubuta sunan duk wanda ka yi magana da shi da abin da ya ce.
Kuɗin bincike da na safiyo, a ware su daban da kuɗin filin.

Mataki na 1: Gane irin takardar da aka nuna maka

Takardun fili hawa-hawa ne. Mafi ƙarfi shi ne satifiket na shaidar mallaka mai sa hannun gwamna ko kwamishinan da ya wakilta, wanda kowa ke kira C of O. Ƙasa da shi akwai takardar ba da fili, wadda ake kira giran a Kano, a Abuja kuma R of O. Ita tana nuna gwamnati ta ba mutum filin, amma bai kammala biyan kuɗi da awon da za su kai shi ga satifiket ba. Sai takardar ƙaramar hukuma. Sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu, wadda ita ce kaɗai abin da yawancin filayen awon igiya, wato gonakin da masu su suka yanka fuloti-fuloti ba da tsarin gwamnati ba, suke da shi.

Rashin satifiket ba ya nufin fili na ƙarya ne. Gidaje da yawa a cikin ganuwar Kano ko Zariya ko Katsina an gaje su tun kafin 1978, kuma dokar ta bar masu su a kan haƙƙinsu. Sai dai hanyar binciken ta bambanta, zan zo kanta a mataki na 8.

Idan a Abuja ne, ka yi hattara sosai. Ministan Babban Birnin Tarayya ne kaɗai ke da ikon ba da fili a can. Takardar da ƙaramar hukuma ta bayar, ko wadda sarkin wani ƙauye ya sa wa hannu, ba ta tsaya da ƙafarta ba sai hukumar birnin ta tantance ta ta amince da ita.

Mataki na 2: Ka riƙe asalin takardar da hannunka

Kwafi za ka kai ofis, amma kafin nan ka ce a nuna maka asali. Wannan yana da dalili. Mutum yakan ci bashi ya ajiye asalin satifiket ɗinsa a banki ko a wurin wani attajiri a matsayin jingina, ba tare da an yi rajistar jinginar ba. Irin wannan bashi ba zai fito a binciken ofis ba. Hanya ɗaya ta gano shi ita ce mai sayarwa ya kasa fito da asali. Idan ya ce takardar ta ɓata ko ta ƙone, ka nemi takardar rantsuwa ta kotu, da rahoton 'yan sanda, da sanarwar da aka buga a jarida, da kwafin da ma'aikatar ƙasa ta buga wa hatimin tabbatarwa. In babu ko ɗaya daga cikinsu, ka dakata nan.

Da asalin a hannunka, ka rubuta lambar fayil, lambar fuloti, lambar tsarin unguwar, girman filin, ranar da aka bayar, da lambobin rajista guda uku da ake bugawa a jikin satifiket: lamba, shafi da kundi. A Kano za ka ga lambar fayil tana ɗauke da RES idan filin gida ne, COM idan na kasuwanci ne, AG idan gona ce. Ka duba ko akwai wurin da aka kankare ko aka sake bugawa a kan suna ko lamba.

Mataki na 3: Je filin da safiyonka

Ba a cinikin biri a sama. Ka je da safiyo, ya nemo turakun siminti na kusurwoyin filin, ya karanta lambobin da ke kansu, ya ɗauki lambobin wurin da na'urarsa, sannan ya gwada da taswirar da ke jikin takarda. Wata damfarar da ta zama ruwan dare ita ce a ba ka takarda ta gaskiya, amma a nuna maka fili na bakin titi alhali takardar ta wani fuloti ce can baya kusa da kududdufi. Binciken ofis zai fito fes, domin takardar ba ta da aibi. Safiyo ne kaɗai zai kama wannan.

Ya kuma auna girman. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai kusan murabba'in mita 465. Sau da yawa maƙwabci ya riga ya ci taku biyu ko uku da katangarsa, ko an yanki wani ɓangare an sayar.

Idan babu halin ɗaukar safiyo a wannan matakin, ka tsaya a kowace kusurwa ka ɗauki lambobin wurin da taswirar wayarka, ka kai su ofis. Waya takan yi kuskuren 'yan mitoci, saboda haka za ta gaya maka ko unguwar da layin daidai ne, amma ba za ta raba maka iyaka da maƙwabci ba. Kafin biyan kuɗi dai sai safiyo ya zo.

Kana can, ka ɗaga kai ka duba sama da kewaye. Babban layin lantarki mai ƙarfin 330kV yana da haramin da ba a gini a cikinsa na mita 50, wato 25 kowane gefe, mai 132kV kuma mita 30. Titin gwamnatin tarayya yana da mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Idan filin yana kusa da hanyar bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, ko layin dogo na Kaduna zuwa Kano, ko na Kano zuwa Maraɗi, ka tambaya ko an riga an biya diyyar wurin. Akwai masu karɓar diyya su juya su sayar da filin ga wanda bai sani ba. In da hali kuma ka ga filin da damina.

Mataki na 4: Shigar da takardar neman bincike

A Kano za ka nufi ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye da taswirorinsu. A Kaduna KADGIS ce, a Abuja AGIS, a Nasarawa NAGIS, a Gombe GOGIS, a Borno BOGIS. Jihar da ba ta da irin wannan hukuma, sashen rajistar filaye na ma'aikatar ƙasa ne ke yi. Za ka rubuta takarda, ko lauyanka ya rubuta, kana neman a binciki fayil mai lamba kaza, ka haɗa da kwafin takardun da izinin mai filin. Za a ba ka takardar biyan kuɗi, ka biya a banki ko ta hanyar da ofishin ya tsara, ka karɓi rasit na gwamnati.

Nan ne mutane da yawa suke tafka kuskure. A bakin ƙofar kowane irin wannan ofis akwai masu cewa: "Alhaji, kawo lambar in leƙa maka, minti goma ne." Ko da gaskiya mutumin ya faɗa maka, maganar baki ce, ba za ka iya kai ta gaban alƙali ba. Abin da kake bukata rahoto ne a rubuce, a kan takardar hukumar, da sa hannun jami'i da kwanan wata. Kada kuma ka bari dillali ko mai sayarwa ya je ya karɓo maka rahoton. Wanda zai iya buga satifiket na jabu, buga rahoton jabu ba zai gagare shi ba. Kai ko lauyanka za ku karɓa daga hannun ofis.

Mataki na 5: Karanta rahoton layi-layi

Kada ka tsaya a kan cewa "fayil ɗin yana nan". Ka zauna da rahoton da kwafin satifiket gefe da gefe.

Fara da suna. Sunan da ke fayil shi ne na mai sayar maka? Idan ba shi ba ne, ba lalle ƙarya ba ce, domin a Arewa fili yakan wuce hannu huɗu ko biyar ba wanda ya je ya canja suna. Amma sai an nuna maka takardar kowane ciniki, daga mai sunan farko har zuwa wanda ke gabanka, ba giɓi. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a sayar da fili mai takardar gwamna ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idar dokar ba, ba shi da inganci. Ma'anar wannan a aikace ita ce, muddin sunan mutumin farko ne a fayil, shi gwamnati ta sani. Idan yana raye, ka nemi a kai ka wurinsa ya tabbatar da bakinsa cewa ya sayar, kuma ya yarda zai sa hannu a takardar canjin suna. Idan ya rasu, magadansa za a nema. Ni ba na barin wanda nake yi wa aiki ya biya sai an warware wannan, ko da cinikin zai wuce shi.

Sai ka duba ko akwai jingina da aka yi wa rajista. Idan akwai, kuma mai filin ya ce ya gama biya, to takardar sakin jingina daga bankin ita ma dole ta kasance a fayil. Duba ko wani ya shigar da takardar gargaɗi cewa kada a taɓa fayil ɗin, ko akwai umarnin kotu, ko wasiƙa daga hukumar yaƙi da cin hanci. Duk ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ka janye.

Duba ko an soke takardar. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin fili saboda bukatar jama'a, ko saboda mai shi ya karya sharuɗɗan da aka ba shi. Biyu daga cikin sharuɗɗan su ne biyan kuɗin ƙasa na shekara-shekara da gina filin cikin wa'adi, wanda galibi shekara biyu ake rubutawa. Kada ka ɗauki kuɗin ƙasa da wasa: a watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardun filaye fiye da 4,000 saboda an haura shekara 10 ba a biya ba. Ka nemi a buga maka lissafin bashin da ke kan fayil ɗin, a cire shi daga kuɗin ciniki ko mai sayarwa ya biya ya kawo rasit.

Duba abin da aka ba da filin dominsa. Filin gida ba a gina gidan mai ko shaguna a kansa sai an nemi canjin amfani, kuma ba kullum ake amincewa ba. Duba shekarun da suka rage. Daga ƙarshe ka tambaya ko an sabunta satifiket ɗin. Abuja ta yi aikin sabunta takardu tun 2004, Kaduna ta yi nata bayan kafa KADGIS, Kano ma ta fara nata a ƙarshen 2024. Tsohon satifiket da ba a kai an sabunta ba yana iya ba ka wahala wajen canjin suna.

Idan aka ce ba a ga fayil ba, kada ka yarda da "ai ɓata ya yi, za a buɗe na wucin gadi". Ka sa a rubuta maka hakan, kuma kada ka biya har sai fayil ya fito.

Mataki na 6: Leƙa hukumar tsara birni

Ma'aikatar ƙasa tana gaya maka wane ne mai fili. Hukumar tsara birni, wato KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ita ke gaya maka ko za a bar ka ka yi gini. Ka kai lambar tsarin unguwar, wadda a Kano take farawa da TP, a buɗe maka taswirar ka ga fulotinka a ciki da idonka. Ka tabbata wurin ba hanya ba ne, ba filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta ko magudanar ruwa ba. Ka fi sa ido a kan filayen da aka yanko daga jikin makarantu, masallatan idi, ganuwa da sauran wuraren jama'a. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya shafi gine-ginen da masu su ke riƙe da takardun da gwamnatin baya ta ba su. Fili irin wannan, ko takardarsa ta fito tsaf a bincike, ni shawarata a bar shi.

Mataki na 7: Binciki mai sayarwa

Idan filin gado ne, ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, ka je kotun da kanka a tabbatar maka daga rajistarsu take. Idan ba a raba ba, kowane magaji sai ya sa hannu, mata da maza, har da wanda ke Legas ko Saudiyya. Kason marayu ƙanana kuwa sai da izinin alƙali. Babban wa shi kaɗai ba shi da ikon sayar da kason ƙannensa. Ka kuma tuna da shuf'a: a mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a dukiyar da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason.

Idan kamfani ne ke sayarwa, kamar masu rukunin gidaje, a bincika shi a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a ga daraktocinsa da ko ya jinginar da kadarorinsa. Sannan a binciki babban satifiket ɗin da ya rufe dukan filin, domin takardar da kamfanin zai ba ka daga jikinsa take samun ƙarfi.

Idan wakili ne mai takardar wakilci, ka yi magana da mai filin kai tsaye, ido da ido ko ta kiran bidiyo a gaban shaidu. Takardar wakilci izini ce ta yin abu a madadin wani, ita kaɗai ba ta mayar da fili mallakar wanda ke riƙe da ita.

Mataki na 8: Idan filin awon igiya ne

Nan babu fayil ɗin da za a buɗe maka, saboda haka mutane ne rajistarka. Ka fara da mai unguwa, ka je ba tare da dillali ba. Bayan gaisuwa ka ce: "Ranka ya daɗe, an yi mini tallar fili a wuri kaza, na zo in ji asalinsa daga bakinka." Ka tambayi gonar wa ce tun farko, wa ya yanka ta, ko an taɓa kawo ƙara a kanta. Masu unguwanni da dagatai da yawa suna da littafin da suke rubuta cinikin filaye, ka roƙi a duba maka. Daga nan ka wuce wurin dagaci, in ciniki babba ne har fadar hakimi.

Sai maƙwabta na kusurwa huɗu. Ka nemi dattijon da ya fi daɗewa a wurin: "Baba, wannan filin na wane ne a saninka?" Idan sunan da ya faɗa ya saɓa da wanda aka gaya maka, ka bi diddigi. Wanda kuma ka tarar yana noma filin ko ya kafa rumfa a ciki, ka tambaye shi wa ya ba shi izini, domin wanda ya daɗe yana riƙe da wuri ba mai musa masa yana iya kafa hujja da hakan a kotun shari'a.

Duk da haka sai ka je ma'aikatar ƙasa da lambobin da safiyo ya ɗauka, a ɗora su a kan taswirar gwamnati. Abin da kake son sani shi ne ko gwamnati ta riga ta karɓi wurin ta biya diyya, ko akwai tsarin unguwa da aka zana a kansa, ko wani yana da satifiket da ya rufe shi. Ka leƙa sashen filaye na ƙaramar hukuma, da rajistar kotun shari'a da ta majistare na yankin, ka tambaya ko akwai shari'a a kan gonar. Fili da ke gaban kotu ba a sayensa, ko an karya farashinsa rabi.

Mataki na 9: Biya, sannan ka mayar da sunanka

Idan mai sayarwa ya matsa sai an ba shi kafin alƙalami kafin a gama bincike, ka ba da kaɗan, a rubuta cewa za a mayar maka idan bincike ya nuna matsala. Kada ka bar tazara mai tsawo tsakanin ranar rahoto da ranar biya. Idan an yi makonni, a sake leƙa fayil ɗin. Ka biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai filin, ka rubuta lambar fuloti a bayanin turawar. La'adar dillali a biya ta daban. A zama ɗaya za a sa hannu a takardar ciniki a gaban shaidun ɓangarorin biyu, a miƙa maka asalin takardu duka, mai sayarwa kuma ya sa hannu a takardar neman amincewar gwamna.

A makon da aka biya lauyanka ya shigar da neman amincewar, a biya kuɗin hatimi da na rajista, a bi fayil ɗin har sunanka ya hau. Idan awon igiya ne, ka sa safiyo ya kafa turaku ya zana taswira, ka buɗe fayil na neman satifiket da sunanka. Ka kewaye filin ko da da bulo layi uku ne, ka gabatar da kanka ga mai unguwa da maƙwabta a matsayin sabon mai shi, ka bar musu lambar wayarka.